Ku bar su su ɓata tuwon

Ranar Asabar da ta wuce na leƙa unguwar Mabera, nan cikin Sakkwato, wurin ɗiyar yayana, wadda muka kai ɗaki shekara takwas ke nan. Na same ta a kicin ta ɗora sanwa, zufa na tsiyaya, ga nama yana tafasa, ga sure a faranti ba a tsinke ba, ga na goye yana ta ƙananan koke-koke. Ɗiyarta ta fari, mai shekara shida, ta jawo 'yar kujera ta zauna gaban farantin, ta fara tsinkar suren da 'yan yatsunta, tana haɗa ganye da kara. Ko minti biyu ba a yi ba uwar ta juyo. "Ke, mi kike yi nan? Hita, kina ɓata min aiki. Amshi wayag ga ki tahi ɗaki." Yarinyar ta ajiye ganyen da ke hannunta, ta karɓi waya, ta fice. Ko gardama ba ta yi ba, alamar ta saba.

Na buɗe baki zan yi faɗa, sai kunya ta rufe ni. Laifi tudu ne. Muryar da ta kori yarinyar nan tawa ce, har yadda ta ja "hita" ɗin. A gidana ta riƙa yin hutu tana budurwa, a bakina ta ji.

Ni ce babbar mace a gidanmu, can cikin gari wajen Ƙofar Marke, gida mai ɗaki-ɗaki da baƙin da ba sa yankewa. Tun ina shekara tara na san nauyin taɓarya. Surfe, wanki, daka, tankaɗe, hura icce da ɗanyen hayaƙi a ido, sannan a ce a kirɓa fura kafin azahar. Na sha bulala a makaranta saboda gyangyaɗi a aji, malamin bai san tun kafin asuba nake tsaye ba. Takardar NCE ɗina da goyo na yi ta a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, ƙawayena sun riga ni da shekaru. Shi ya sa ranar da na haifi mace na yi wa kaina alkawari: wannan ba za ta san turmi ba, littafi za ta riƙe. Kuma har gobe ba na jin wannan niyya laifi ce. A garin Nana Asma'u babu mai ce mini karatun 'ya mace kuskure ne in saurare shi.

Haka na tashe su su uku, mata biyu da namiji a tsakiya. Boko da safe, Islamiyya da yamma, hadda Asabar da Lahadi. Ni kuwa in tashi kafin kiran salla in haɗa karin kumallo, in tafi aiki, in biya Kasuwar Daji in yi cefanen tattasai da tarugu da albasa, in akwai hali in sa a kawo mini kifi daga Kwalkwalawa, in dawo in shiga kicin ni kaɗai. Duk wanda ya leƙo, kalma ɗaya ce: je ka ɗauki littafinka.

Akwai wani dalilin kuma. Babbar tana shekara uku ta jawo tukunyar talge ta zubo mata a ƙafa. Tabon yana nan har yau a bayan ƙafarta ta hagu, kamar an liƙa ganye. Wadda ba ta taɓa riƙe ɗanta yana ihun ƙuna ba kada ta yi saurin yanke mini hukunci. Daga ranar, in yaro ya doshi wuta sai in ji cikina ya juya.

To amma in zan faɗi gaskiya duka, tsoro bai kai shekara goma sha huɗu ba. Abin da ya ɗore son yabo ne. Dangin maigida sun san hannuna. Ranar salla in sun taru, a ce miyar wane gida ce wannan, in yi kamar ban ji ba alhali zuciyata fari ƙal. Ban so wani hannu ya shiga tukunyata, ko da na ɗiyata ne. Uwar mijina, Allah ya jiƙanta, ta taɓa ce mini tana zaune a tabarma tana kallona ina ta kai da kawo: "Ɗiyag ga, bari su taɓa wuta. Ba kullum kike tsaye ba." Na ce to Inna, na ɗauke ta maganar suruka na ajiye gefe.

Dama mafi girma ta zo a 2020, da aka rufe makarantu saboda korona tun watan Maris. Watanni suna gida, babu boko babu Islamiyya. Babbar ta sha zuwa ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Mama, in taya ki?" In ce mata a'a, na kusa gamawa. Kuma da gaske na kusa gamawa, nan ne matsalar. Abin da zan yi a minti arba'in, in na sa yaro sai mu kwashe awa biyu, ga ɓarnar gari, ga iskar gas na ƙonewa. Bayan an cire tallafin mai a 2023, kowa ya san yadda kwanon shinkafa ya koma; wace uwa ce za ta miƙa wa yarinya shi ta yi gwaji? Kun ga ina da hujja. Kullum ina da hujja, ita ta kai ni inda nake.

Ni ce kuma na sayo wa kowa kularsa. Ina ganin tsafta ce da wayewa. Kowa ya ɗauki tasa ya shige ɗaki, uban a falo da rediyonsa, ni a kicin ina cin nawa a tsaye. A gidanmu kwano ɗaya muke sa hannu, a nan aka koya mana riƙe bakin kwano da hagu, da cin gabanka, da barin nama sai babba ya raba. Nawa 'ya'yan sun iya cokali, amma ban san wane ne mai saurin ci a cikinsu ba, ban san wanda ya daina cin abinci don wani abu na damunsa ba. Kula ba ta nuna wannan, a rufe take dawowa.

Sai azumin 2024. Ina kwance aka sanar daga fadar Sarkin Musulmi an ga wata, za a tashi da azumi Litinin 11 ga Maris, kwana huɗu ke nan da yi mini tiyata. An hana ni ɗaukar nauyi, an hana ni tsayuwa gaban wuta. Wanda ya san zafin Sakkwato a wannan lokaci, da ma'auni ke haura 40, ya san abin da buɗa-baki yake nufi ga mai azumi. Kwana uku na farko maƙwabta da 'yan'uwa suka yi ta aiko da kunu da ƙosai. Daga nan kowa ya koma kan hidimar gidansa, ba laifinsu ba ne. Gidana, gidan da ake yabon miyarsa, ya koma burodi da shayi da indomi, sahur da buɗa-baki.

Rana ta takwas ko ta tara, bayan la'asar, ina kwance na ji muryar wata mata a kicina. Baƙuwar murya, Hausar Kano, tana ce wa tarugu attaruhu. Na lallaba ina dafa bango na leƙa. Babbar ce, tana da shekara 17 a lokacin, ta jingina waya da bokitin ruwa, wata mata a bidiyo tana koya mata tuwon masara. Ta riƙe muciya can sama kamar alƙalami. Ba ta bar talgen ya nuna ba ta antaya gari gaba ɗaya, tukunya na zamewa a kan wuta, ƙanenta ya riƙe mata kunnen tukunyar da tsumma. Tana tuƙi tana tsayar da bidiyon da gwiwar hannu, gari har a girarta. Kukar ma ta juye ta lokaci guda ba ta kaɗa ba, ga maburgi a rataye saman kanta, ba ta san aikinsa ba.

Da aka sha ruwa ta kawo mini malmala ɗaya da ta kwashe da cokali, don ba ta san inda mara take ba. Na gutsura na ji gudaji, ɗanyen gari a tsakiya. Me ya kamata in ce? Na sani yanzu. Abin da na ce shi ne: "Wanga mi ne ne, tuwo ko tsakuwa?" Ta ɗauki kwanon ba ta ce komai ba. Ƙanenta, wanda ba ya raga wa kowa, shi ya cinye nasa tas har da neman ƙari. Da dare maigida, mutumin da bai cika magana ba, ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Wa yak koya mata?" Ya wuce masallaci.

Rashin iya tuwo ba shi ya hana ni barci a daren nan ba, tuwo wata biyu ya isa a koye shi. Tunawa na yi da Innata. Mu Hausawa ba ma iya zaunar da ɗa mu kalle shi ido cikin ido mu yi masa maganar rayuwa, balle ɗan fari da ko sunansa ba a faɗa. Duk abin da Inna ta gaya mini mai nauyi, a bakin murhu ta gaya mini, idonta na kan tukunya, nawa na kan wuta. A nan na ji maganar al'ada kafin ta zo mini, a nan na san wane ne ɗan'uwanmu na jini da wanda zama ya haɗa, a nan ta ja mini kunne kan maza ba tare da ta ambaci sunan kowa ba. Ni ma a nan na iya gaya mata abin da ba zan iya faɗa a ɗaki ba. Wahalar da na tsana, ashe a cikinta aka naɗe wannan. Na cire wa 'ya'yana wahalar, na haɗa da shi na zubar.

Kada yaran yanzu su ji haka su ce an wanke su. Ku ma kuna da naku. Yarinya ta iya kek kala uku don a ɗauki hoto, amma a ce ta dama kunun tsamiya sai ta tsaya tana kallonka. Saurayi ƙato ya wuce tuwo a gida ya je ya zauna benci wurin mai indomi, ya dawo yana cewa ba kuɗin data. Amarya wata biyu da aure, ɗan kabu-kabu ya fi mijinta sanin abin da za a ci a gidan, don shi ke kawowa a leda. Hoce da datun rama kuwa sun zama abin dariya, wai abincin ƙauye. Ni na kore ku daga kicin, na yarda, amma sau nawa kuka dawo? Mu da aka kora daga wuri, ta taga muke leƙowa.

Na zauna da niyyar rubuta muku shawarwari goma, ku masu ƙananan yara. Da na auna, yawancinsu surutu ne. Ku bar yaro ya ɓata abinci. Ku ware kwano ɗaya na gari a wata ku ce wannan na ɓarna ne, ya fi arha a kan abin da na biya. In ya kawo muku da gudaji ku ci, ku rufe bakinku, gyara sai gobe in kuna tsaye tare. Kuma har da maza. Nana A'isha ta ba da labarin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana taya iyalinsa aikin gida, don haka kada wani ya kawo mini zancen ɗan daudu don yaro ya yanka albasa. Nawa namijin yanzu shi ke dafa shinkafa ranar Lahadi, tana caɓewa, muna ci.

Amma kada ku mai da ɗiya baiwa. In na ji wata ta ɗora wa 'yar shekara tara girkin gida gaba ɗaya ta ce ni na ba ta shawara, ban yafe ba. In jarrabawa ta matso ku kore su daga kicin, su je su yi karatu. Na san yanzu na gama cewa kada a kore su. To, ku dai ku san yadda za ku yi, ni ma ban gama sani ba. Waya kuma kada ta shiga kicin, ko wurin cin abinci. Ko da yake, in ba don matar nan ta cikin waya ba, da ɗiyata ko talge ba ta san ana yi ba, kuma ita ba ta ce mata tsakuwa ba.

Kulolin na tattara su na kai sito, sai in za a kai wa baƙo abinci. Da dare faranti biyu ake yi, ni da 'yan matan, uban da ɗansa. Makon farko kamar zaman makoki, kowa na cin gabansa yana hararar agogo. Yanzu har faɗa ake yi kan ƙanzo.

Ranar Juma'a babbar ke girki. Ina zama kan kujera 'yar tsugunne in danne hannuwana a ƙarƙashin cinya, don in na sake su sai sun kai ga muciyar. Gishirinta har yanzu yana yawa. Makonni uku da suka wuce, tana kaɗa miyar guro, bayanta gare ni, ta ce akwai wani da ke yawan gaishe ta a hanyar Islamiyya, ba ta san yadda za ta yi da shi ba. Na kafa ido kan wutar na ce, ɗan wane gida ne?

Ita kuwa ta Mabera, na kira ta washegari na zayyana mata duk wannan, har na gaji da magana. Ta ce, "To Gwaggo, in sha Allahu," irin to ɗin da na ce wa uwar mijina. Na shiga Tsohuwar Kasuwa na sayi 'yar ƙaramar muciya da maburgi na aika wa yarinyar. Jiya na tambaya ko sun isa. Uwar ta ce sun isa, ta ɗora su saman firji kada ta ƙwala wa ƙanenta a kai.