Hayaƙin Murhu da Ƙirjin Gwaggo

Yau da safe na raka Gwaggo asibiti a nan Kano, aka miƙa mata na'urar auna numfashi aka ce ta hura da iya ƙarfinta. Ta hura har jijiyoyin wuyanta suka miƙe, tari ya sarƙe ta, amma iskar ba ta kai inda ake so ba. Da likita ya ce cutar toshewar hanyoyin numfashi ce, wadda ba ta warkewa sai dai a lallaɓa ta da magani, sai ta ce, "Likita, ni fa ban taɓa shan taba ba, marigayi maigidana ne mai sha." Ya ce, "Mama, hayaƙin itacen da kika daɗe kina suyar ƙosai da shi ma yana kawo ta."

Ya bayyana mana cewa bincike da dama ya nuna mata masu wannan cuta sun fi maza daɗewa a raye, amma sun fi su fama da haki da damuwa, kuma hanyoyin iskarsu sun fi ƙanƙanta, ga shi sau da yawa ana ɗaukar tasu asma ce har sai ta yi nisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta kashe fiye da mutum miliyan 3 a shekarar 2019. Wannan ƙarin kwanan da aka ce mata na samu bai kwantar mini da hankali ba, domin cikin wahalar numfashi ake yin sa, kuma matan unguwarmu masu waina da abincin sayarwa ban ga wadda aka taɓa aunawa ba.