Biza ta fito, saura mai buga hatimi

Ƙannena da ke shirin fita karatu waje, musamman ku da ke ta zirga-zirga a jirgin ƙasa tsakanin Rigasa da Abuja da ambulan ɗin takardu a hammata, akwai wani mataki da ba a cika gaya muku ba. Hankalin kowa yana kan biza. Ranar da ta fito gida ya kaure da guɗa, a raba sadaka, a ɗauka an gama. Alhali biza bakin ƙofa kawai take kai mutum. Wanda zai ce ka shiga ko ka koma shi ne jami'in shige da fice da ke zaune a filin jirgin can, kuma doka ta ba shi ikon ya sake yi maka tambayoyi, ya tsare ka, har ya hana ka shiga idan bai gamsu ba. Haka yake a Ingila, haka yake a Amurka.

Da yawansu mutanen kirki ne, tambaya biyu su buga maka hatimi. Akwai kuma wanda daga ganin koren fasfo sai fuskarsa ta canja. Irin wannan na faɗa hannunsa lokacin da na je Ingila yin digiri na biyu. Wulaƙancin nasa halinsa ne, amma ni na miƙa masa sandar da ya doke ni da ita.

Wani dillalin biza ne a nan Kaduna ya cike mini komai. Ni dai na kai hoto, na sa hannu inda ya nuna, ban karanta ko layi ɗaya ba. Baffana ne ya ɗauki nauyin karatun. To ƙa'idar Ingila ita ce kuɗin da za ka nuna su kasance a asusunka ko na iyayenka ko na wanda doka ta ba riƙonka, su kuma zauna kwana 28 a jere. Na baffa ba ya shiga. Saboda haka aka tura kuɗin asusun mahaifina, fom ya ɗauki sunansa. Wannan ba laifi ba ne. Sai dai ni ban san haka aka rubuta ba.

Da jami'in ya tambayi wa ke biya mini, na ce baffana. Ya dubi kwamfuta, ya dube ni. Ya tambayi nawa ne kuɗin makarantar, nawa aka riga aka biya. Na kama lissafi da naira a kaina ina in'ina. Ya ce in faɗi darussa biyu daga cikin waɗanda zan yi a zangon farko. Shiru. Daga nan ya koma yi mini magana kalma ɗaya-ɗaya da ƙarfi, wai ko ina jin Turanci, ya ce ya gaji da masu zuwa da sunan karatu su ɓuge da aiki. Mutanen da ke bayana a layi duk suna ji.

A nan tarbiyyarmu ta juya mini baya. An rene mu a kan idan babba na faɗa ka sunkuyar da kai, ka ce to, kada ka haɗa ido da shi. Na yi hakan. Su kuwa a wurinsu mai kawar da ido yana ɓoye wani abu ne, mai cewa to a kan komai kuma ya amsa laifi. Da ya ce in ɗago in dube shi, sai zuciya ta ɗebe ni na tsallaka ɗaya ɓangaren, na ce masa ai da kuɗina na zo, ba bara ta kawo ni ba. Ya ajiye fasfona a gefe, ya nuna mini wani benci. A kan bencin nan azahar ta wuce ni, layin wayata na gida bai kama ba, lambar makarantar kuma tana cikin imel ɗin da na kasa buɗewa. Sai da wata jami'a ta zo ta zauna da ni a natse, ta tuntuɓi makarantar, aka sake ni.

Don haka ko wa ya cike maka fom, karɓi kwafi ka karanta shi har ka san shi kamar sunanka. Cikakken sunan kwas, tsawonsa, ranar farawa, kuɗinsa a lissafin kuɗin ƙasarsu, abin da aka biya da abin da ya rage, adireshin da za ka kwana a daren farko. Idan dillali ya ce zai ƙara wani abu don takardar ta yi kyau, tashi ka bar masa ofishin. Ƙaryar da aka kama a neman bizar Ingila tana iya jawo haramcin shekara 10, a Amurka kuwa tana iya zama ta har abada, kuma sunanka ne a kai, shi yana nan yana shan shayinsa.

Dubi sunanka ma da kyau. Mu nan ba mu ɗauki wannan a bakin komai ba: Muhammad a fasfo, Mohammed a sakamakon WAEC, a wata takardar an sa sunan mahaifi, a wata an sa Zariya ko Kawo a matsayin sunan ƙarshe. Mai neman dalili ya samu. A gyara tun a gida, ko ka riƙe takardar rantsuwa ta kotu.

Takardun kuma a buga su a kan takarda, su zauna a jakar hannu, kada a tura su cikin akwati. Mai zuwa Ingila ya riƙe bayanin CAS, wato shaidar samun gurbin karatu da makaranta ta ba shi, da shaidar gwajin tarin fuka, da bayanan banki, da takardar masauki. Katin izinin zama na BRP da ake bayarwa a da ya daina aiki a ƙarshen 2024, yanzu izinin zaman yana intanet, don haka ka tabbata fasfon da ke hannunka shi ne a asusunka na intanet na hukumar shige da ficen Ingila. Mai zuwa Amurka ya riƙe I-20, takardar da makaranta ke bayarwa ta shaidar ta ɗauke shi, da rasidin SEVIS, wato kuɗin rajistar ɗaliban waje, na dala 350, ya kuma sani ba a shiga fiye da kwana 30 kafin ranar da aka rubuta za a fara karatu. Lambar ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarka, rubuta ta da biro a bayan wata takarda.

A gaban kanta, amsa abin da aka tambaye ka, ka tsaya. Baki shi ke yanka wuya. Idan ya ce za ka yi aiki, kada ka rantse cewa ba za ka taɓa ba, kada kuma ka kama ba shi labarin abokinka da ya yi maka alkawarin wuri. Dokar Ingila ta yarda mai karatun digiri ya yi aiki har awa 20 a mako lokacin karatu. Faɗi haka, ka ce karatu ne ya kawo ka. Idan ba ka ji tambaya ba, ce masa ya maimaita, domin Turancin bakinsu daban yake da na ajinmu na KASU ko ABU, kuma ba abin kunya ba ne. Kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba, ko ana hanzarta ka. Kada ka ɗaga waya ka ɗauki bidiyo, an hana a wurin. Na goro da aka saba miƙawa a hanyoyinmu, ko da wasa kada ka ambata shi. Ke kuma ƙanwata mai niƙabi, dole za a duba fuskarki, amma kina iya neman mace ta duba ki a keɓe.

Wata 'yar magana ga iyaye mata: kilishi da dambun nama da man shanu ba sa shiga Ingila a jakar matafiyi daga Najeriya. Na san zuciya ba ta son yaro ya tafi hannu rabbana, amma ƙullin nan ƙarin tambaya yake jawo masa. Saƙon wanda ba ka sani ba kuwa, ko ɗan unguwarku ne ya roƙa, ba shi haƙuri.

Ba ina cewa ku haɗiye cin mutunci ba ne. Wurin ramawa ne ba nan ba, domin a lokacin fasfonka na hannunsa. Riƙe lokaci a ranka, da lambar teburin, da kalmomin da ya faɗa. Bayan ka shiga ka huta, je ofishin ɗaliban ƙasashen waje ko ƙungiyar ɗalibai, su nuna maka yadda ake shigar da ƙorafi a rubuce. Hukumomin nan suna da hanyar karɓarsa. Kuma duk sanda ka zo hutu gida za ka koma, ka karɓi sabuwar wasiƙar da ke nuna har yanzu kai ɗalibi ne kafin ka taso, mai I-20 kuma ya duba sa hannun izinin tafiya da makaranta ta yi masa a kai bai wuce shekara ba, domin tambayoyin nan ana iya maimaita su a kowace shiga.