Layi ɗaya da ya rusa tsarin motocin ma'aikata

Takardar miƙa aiki da jami'in sufuri ke bar wa magajinsa ba ta ɗaukar ainihin magana. Yawan motoci ne, da lambobinsu, da wadda ke tafiya da wadda ke kan duwatsu, a sa hannu a kama gaba. Abin da ya kashe tsarin kula da motocin ma'aikatarmu da aka yi watanni ana rubutawa ba ya cikinta, shi ya sa aka rubuta shi a nan, don masu riƙe da makullan motocin gwamnati.

A takarda tsarin ba shi da aibu. Duk motocin ma'aikata su koma hannun jami'in sufuri. Mai son mota ya cike takarda tun jajibirin tafiya, ya faɗi inda za shi da aikin da zai kai shi. Direba ya rubuta abin da mitar kilomita ta nuna lokacin fita da lokacin dawowa. Man mota a ba da shi gwargwadon tafiya, ba lita kaza kowane mako ba. Ƙarfe shida na yamma kowace mota tana harabar ofis, makullinta a rataye. A zaman ƙarshe na kwamitinmu mai rubuta tsarin ne aka nemi a ƙara layi guda a ƙasan sashen amfani da mota: "sai dai idan shugaban ma'aikata ya ba da izini." Muka karɓa, don a ganinmu dole a bar ƙofa saboda larura, kamar rasuwa ko tafiyar gaggawa da dare. Ba mu ce izinin ya zama a rubuce ba. Ba mu yanka masa wa'adi ba, ba mu ce a saka kwafinsa a fayil ɗin motar ba.

Izinin baki ba ya barin sawu. Kafin a ankara, "Oga ya ce" ta zama takardar neman mota. Motocin da suka fi lafiya suka manne wa daraktoci, suna kwana a gidajensu, da safe su kai yara makaranta, ranar Asabar a loda musu taki zuwa gona. Abin da ya rage wa masu aikin fili shi ne tsofaffin da sai an tura. Kuskure na biyu, wanda ya fi ciwo, yana cikin littafin tafiye-tafiye: gurbin sa hannu ɗaya muka yi, na direba. Wane direba ne mai ƙaramin mataki zai miƙa wa darakta biro ya ce, "Ranka ya daɗe, a rubuta mini inda muka je jiya"? Sai ya bar shafin fayau, ko ya rubuta "zagayen gari" ya huta. Da masu binciken kuɗi suka zo suka auna man da aka sha da kilomitar da aka rubuta, lissafi ya ƙi haɗuwa, takardar tuhuma ta sauka kan direbobi da jami'in sufuri. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wanda ya yi zirga-zirgar gonar ba a ko ambaci sunansa a rahoton ba, tunda babu inda ya sa hannu.

Gyaran ba shi da tsawo. Izini a rubuce, da kwanan wata, da ranar da zai ƙare, kada ya wuce kwana bakwai sai an sabunta. Gurbin sa hannu biyu a kowace tafiya, na direba da na jami'in da ya hau, kuma ba a ba motar mai na gaba sai guraben sun cika. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ke aiki, don babban da ba ya son biro yana son tanki a cike.

Ba yau aka fara ba. A 2003 gwamnatin Obasanjo ta mayar da alfarmomin ma'aikata kuɗi a cikin albashi, aka janye motocin da ke manne da muƙamai, aka sayar da da yawa, aka sallami direbobi. Sannu a hankali motocin suka dawo ta bayan gida da sunan motar aikin kaza ko motar zirga-zirgar ofis. Saboda haka jami'in da ke karɓar kuɗin mota a albashinsa, kuma motar ma'aikata ke kwana a gidansa, cin tudu biyu yake yi. Tsarin da bai faɗi wannan ƙarara ba ya bar jaki yana dukan taiki.

Batun mai kuwa, kilomita ce ma'auni, kuma kowace mota da nata cin. A cika tanki fal, a rubuta mita, a yi aiki, a sake cikawa fal, a raba kilomitar da aka yi da litar da ta shiga. A maimaita sau uku a jere, an sami ma'aunin wannan motar. Ɗauki Hilux mai injin fetur 2.7, mai tankin lita 80: a kan babbar hanya takan yi kilomita takwas zuwa tara a lita. Kano zuwa Kaduna kusan kilomita 230 ne, zuwa da dawowa da ɗan zagayen gari a ce 500, wato wajen lita 60. In aka kawo rasit na lita 90, kada a yi saurin kiran mutum ɓarawo. Abu uku ne: ko an yi tafiyar da ba a rubuta ba, ko tiyo da jarka sun yi aiki, ko motar ce ke zuƙa saboda filogi ya mutu, matatar iska ta toshe, ko an bar inji da na'urar sanyi a kunne awa uku ana jiran Oga ya fito daga taro. Motar da aka ce mitarta ta lalace, a ajiye ta har sai an gyara. Sau da yawa ba lalacewa ta yi ba, cire wayar aka yi.

Kuma a rubuta kason mai da lita, ba da naira ba. Waɗanda suka rubuta naira sun ji a jikinsu bayan 29 ga Mayu 2023, lokacin da aka cire tallafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki.

Sayen mota yana cikin kasafin manyan ayyuka, gyaranta yana cikin kuɗin gudanarwa na wata-wata, wanda shi ne ba ya zuwa kan lokaci. Daga nan mutuwar take farawa. An tsallake juyen baƙin mai na kilomita 5,000 sau biyu, mota ta tsaya, aka yi fakin ɗinta ƙarƙashin dalbejiya a jira kuɗi. Mako na gaba an ari batirinta, sai safaya taya, sai kik, sai lagireto. Damina biyu, ta zama kwarangwal, alhali a littafin kadara lafiyarta ƙalau. Ranar da mota ta tsaya a ɗauki hotonta ciki da waje, a rubuta lambar inji da ta shasi, a kai batir da makulli sito. In gyara ya fi ƙarfinta, a kira kwamitin tantance kaya tun tana da daraja, a yi gwanjo a bainar jama'a kamar yadda dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta tanada, ba a jira ta ruɓe wani na ciki ya ɗauke ta a kuɗin akuya ba.

Sauran ƙanana ne. Kada a tara motoci iri shida a ma'aikata ɗaya, a sayi abin da kayan gyaransa ke kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna. Duk abin da makaniki ya ce ya canza, tsohon ya dawo sito. Lambobi huɗun da ke gefen taya mako ne da shekarar ƙira, a duba kafin a biya ɗan kwangila. A biya direba kuɗin kwanansa kafin ya tashi, don wanda ya kwana a mota da yunwa shi jarka ke yi wa murmushi. Na'urar bin sawu ba ta da amfani in wanda ke kallon allon yana ƙarƙashin wanda ke hawa motar.

Gyararren layin nan na izini an rubuta shi, an haɗa da misalin sabon shafin littafi mai gurbi biyu, an tura sama. Fayil ɗin ya dawo bayan wata uku da jan biro a gefe: a sake kawowa nan gaba. Yana cikin durowa ta biyu, ƙarƙashin takardun inshora.