Mayar da Tsohuwar Land Cruiser Mai Jan Taya Huɗu Kullum Zuwa Mai Ja Lokacin Bukata

Garejina a Kano ƙarami ne, kuma mafi yawan aikinmu a ƙarƙashin motocin daji yake, wato akwatin giya, aksul, farfela (dogon ƙarfen da ke kai juyi zuwa aksul) da birki. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wani aiki da a da ba a cika nemansa ba ya zama abin da masu tsohuwar Toyota Land Cruiser samfurin 80 suke yawan tambayata a kansa. Domin rage shan mai, suna so a raba motar da jan tayoyi huɗu na kullum, ta koma tana tafiya da tayoyin baya kaɗai, sai an shiga yashi ko laka sannan direba ya haɗa na gaba da hannunsa.

Kamfanin Toyota ya fara fitar da samfurin 80 a shekarar 1990, ya ci gaba da ƙera shi a Japan har zuwa 1997. Ƙananan nau'o'insa sun zo da akwatin taimako (akwatin da ke raba ƙarfin giya tsakanin tayoyin gaba da na baya) mai suna HF1A, wanda dama can sai an bukata yake haɗa gaba, amma manyan sun zo da HF2A ko HF2AV, waɗanda ke tura ƙarfin inji gaba da baya a kowane lokaci. Abin da ya sa hakan yake yiwuwa a kan kwalta shi ne wani difaranshal da ke tsakiyar akwatin. Idan mota ta sha kwana, tayoyin gaba suna cin tazarar da ta fi ta na baya, don haka dole a sami abin da zai bar farfelar gaba da ta baya su yi juyi daban-daban, in ba haka ba ƙarafan su riƙa murɗe juna har wani abu ya karye. A cikin HF2AV an ƙara wata rufaffiyar ganga mai siraran faifai da ruwan silikon mai kauri, wadda ke riƙe ɓangarorin biyu da kanta idan ɗaya ya fara sulɓi. Wannan ganga, bayan shekaru kusan talatin na zafi da aiki, takan daskare, sai mai mota ya ji tayoyi suna gurzar ƙasa duk lokacin da ya murɗa sitiyari zuwa ƙarshe.

Aikin sauyin kashi biyu ne. Na farko a cikin akwatin taimako yake, kuma ba sai an sauke akwatin daga jikin mota ba. Mukan hau da ita kan rami, mu tsiyaye man giya, mu kwance farfelar baya, mu buɗe murfin bayan akwatin, sannan mu zaro difaranshal na tsakiya. Ana cire ƙananan haƙoran da ke cikinsa, a sa wani dunƙulallen ƙarfe da aka ƙera domin wannan aiki, wanda yake ɗaure farfelar baya kai tsaye da ƙarfin da ke fitowa daga giya. Idan akwai gangar silikon, ita ma ana fitar da ita. Daga nan, maɓallin da a da yake kulle difaranshal na tsakiya shi ne ya zama maɓallin haɗa gaba, domin zoben da yake turawa shi kaɗai ya rage da zai kai ƙarfi farfelar gaba. Wasu motocin da aka shigo da su daga Amurka ba su da wannan maɓalli a gaban direba, sai an saka ƙaramar giyar taimako take kulle kanta, saboda haka sai mun nemo maɓallin mun dasa. Wurin da yaro mai koyo yakan yi gaggawa shi ne wajen matsa boris da daidaita matsinsa, kuma nan ne nake tsayawa da kaina, domin boris ɗin da aka buga da guduma maimakon a matsa shi da inji ba ya daɗewa yake fara kuka.

Akwai masu yin wannan kashi da walda, su narke haƙorin baya da gidansa su huta da sayen sabon ƙarfe. Ba na karɓar aikin a haka ko da mai mota ya roƙa, saboda zafin walda yana ɓata taurin da aka yi wa haƙoran tun daga masana'anta, kuma abin da aka narke ba ya komawa yadda yake in an canza shawara.

Kashi na biyu a kan tayoyin gaba yake. A motar da ke jan huɗu kullum, wani faranti mai noti shida ne yake ɗaure shaf (sandar da ke kai juyi daga difaranshal zuwa taya) da taya, ta yadda ko an yanke ƙarfi daga tsakiya, tayar da kanta za ta ci gaba da juya shaf, da difaranshal na gaba, da farfela. Don haka ake cire farantin a sa hob mai makulli, irin na Aisin da Toyota take sawa a nata motocin ko kuma na AVM, wanda direba ke murɗawa da hannu ya kulle ko ya saki. A nan ake bukatar awo, domin tsawon bakin shaf ba ɗaya ba ne a duk shekarun samfurin, kuma idan zoben da ke riƙe bakinsa bai zauna a gurbinsa ba, hob ɗin zai riƙa kamawa rabi-rabi har ya cinye haƙoransa. A kasuwar Ƙofar Ruwa ana samun tsofaffin hob na Aisin da aka ciro daga motocin da aka yanka, kuma in haƙoransu lafiya suke, na fi yarda da su a kan sababbi marasa suna da ke cikin kwali mai sheƙi.

Tun da an riga an buɗe gaba, ba na rufewa sai na duba gwiwar aksul, wato mahaɗin da ke barin tayar gaba ta bi sitiyari tana juyawa. Cutar da ta fi damun samfurin 80 ita ce silin mai na cikin aksul ya gaji, man giya ya gangaro ya haɗu da giris ɗin gwiwa, su zama wani baƙin ruwa mai zuba ta bayan taya. Mutane da yawa suna zuwa neman sauyin ne saboda sun ji gwiwar tana ƙas-ƙas a kwana, suna ganin in an saki gaba ƙarar za ta ɗauke. Za ta ɗauke kuwa, amma lalatacciyar gwiwar tana nan, kuma ranar da za a neme ta ita ce ranar da mota ta nutse a yashi tsakanin Nguru da Machina, inda babu makanike kusa. Shi ya sa nake gaya wa mai mota tun kafin mu taɓa sifana cewa kuɗin gyaran gwiwa yana cikin lissafi.

Maganar mai kuwa, gaskiyarta ita ce ragin kaɗan ne. Injin fetur na 1FZ-FE mai lita 4.5 da silinda shida yana jan motar da ta haura tan biyu, kuma sakin shaf biyu da farfela ɗaya ba zai mayar da shi mai tsimi ba. Mai injin dizal 1HZ na lita 4.2 dama ba shi da wannan kuka sosai. Ribar da nake iya tsayawa a kanta ita ce sitiyari yana yin sauƙi, girgizar farfelar gaba a motar da aka ɗaga tana ɓacewa, tayoyin gaba da gwiwoyi suna ƙara kwana, kuma dukan da ake ji a ƙarƙashi idan an saki totur an sake takawa yana raguwa.

Abin da ake rasawa shi nake daɗewa ina bayani. Motar da ke jan huɗu kullum tana riƙe jiƙaƙƙiyar kwalta ba tare da direba ya yi komai ba, amma bayan sauyi babu wannan, domin haɗa gaba yanzu kulle ne gaba ɗaya, kuma ba a tafiya da kulle a kan busasshiyar kwalta. Wanda aikinsa hawan tsaunin Mambila ne zuwa Gembu da damina, inda kwalta da ruwa da kwana suke haɗuwa, nakan ba shi shawara ya bar motarsa yadda take, in ma gangar silikon ce ta daskare mu cire ta kaɗai, wanda aiki ne mai rahusa. Wanda kuwa yake cin doguwar kwalta daga Kano zuwa Damagaram, sai can gaba ya sauka yashi, shi ne sauyin ya dace da shi. Haka nan motar da ke da birkin ABS, mai hana taya kullewa idan an taka birki da ƙarfi, tana da tata matsalar, saboda zoben da na'urar ke ƙidaya juyin tayar gaba da shi a jikin shaf yake. Da zarar an saki hob, shaf ya tsaya, na'urar za ta ɗauka tayar ba ta juyawa, fitilar gargaɗi ta kama, ABS ya daina aiki, sai fa in an sayo kayan mayar da zoben jikin hob.

Idan motar ta ofis ce ko ta ƙungiya, inda yau wannan direba gobe wancan, nakan nemi a turo mini direbobin kafin a ɗauke ta. Ina nuna musu cewa ba a danna maɓallin haɗa gaba mota tana gudu alhali hob a sake yake, domin ɓangare ɗaya yana juyi ɗaya yana tsaye, haƙora ne za su ci juna. Ana kulle hob biyun tare tun kafin a shiga wuri mai wuya, ba bayan an kafe ba, kuma ko ba a je daji ba, a riƙa kulle su lokaci-lokaci a yi 'yar tafiya domin mai ya zagaya difaranshal na gaba kada tsatsa ta kama saman haƙoran da ba sa cikin mai. Wannan bukata ba ta Toyota kaɗai ba ce. Manyan a-kori-kura na Chevrolet da Dodge da Ford na shekarun 1970 a Amurka, masu akwatin NP203, idan aka yi musu irin wannan sauyi, sarƙar da ke watsa mai zuwa boris ɗin baya takan tsaya, sai mai mota ya riƙa haɗa gaba jifa-jifa don kada ya bushe.

Bayan an haɗa komai, mukan zuba sabon man giya a akwatin taimako da aksul na gaba, mu ɗaga gaban motar mu juya kowace taya da hannu, a sake da kuma a kulle, sannan mu fita gwaji a kan kwalta da burji. Haƙoran da aka cire, da farantan nan biyu, da gangar silikon in tana da sauran rai, muna wanke su, mu shafa musu mai, mu ɗaure a buhu mu miƙa wa mai mota tare da makullinsa, domin mai saye na gaba yana iya son a mayar masa da ita yadda ta fito daga masana'anta.