Abin da na koya game da Septrin a tagar ba da magani

A aji an koya mana cewa Septrin magani biyu ne a cikin ƙwaya ɗaya, sulfamethoxazole miligiram 400 da trimethoprim miligiram 80. Shi ya sa ake ce masa 480, babbar ƙwayar kuma 960. Bakteriya ba ta hayayyafa sai ta haɗa wa kanta sinadarin folate, to na farkon yana tare ta a wani mataki na haɗin, na biyun ya sake tare ta a gaba. Mu daga abinci muke samun namu folate ɗin, don haka maganin ya fi yi wa ƙwayar cutar ɓarna.

Da na fara zama a taga sai na ga arharsa ta jawo masa raini. Mura Septrin, gudawa Septrin, har ciwon kai. Mutum ya tsaya a kemis ya sayi ƙwaya huɗu, ya sha biyu, ya ajiye sauran a aljihu. Mura kuwa galibi bairos ke kawo ta, kuma Septrin ba ya taɓa bairos. Abin da irin wannan shan ke haifarwa shi ne ƙwayoyin cuta su saba da maganin, ranar da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi ci.

Abin na damuna ƙwarai, domin akwai waɗanda rayuwarsu ta rataya a kansa. Masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki suna shansa kullum don ya kare su daga wani mugun ciwon huhu da wasu cututtukan da ke samun kafa idan garkuwa ta yi rauni. Binciken da aka yi a Zambiya, aka fitar a 2004, ya nuna ya rage mutuwar yara masu wannan cuta da kashi 43 cikin ɗari, kuma a 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar ba da shi a matsayin rigakafi.

Darasin da ya fi zama mini a rai shi ne tambaya kafin miƙa magani. "Baba, ka taɓa shan Septrin ko Fansidar jikinka ya yi ƙuraje?" Da yawa sai su ce a'a, amma ka ga baƙin tabo a leɓe. In ka tambaya su ce ai duk lokacin da suka sha sai wurin ya yi ƙaiƙayi ya kumbura, daga baya ya yi baƙi, kuma kullum a wuri ɗaya. Jikinsu ne ba ya karɓar sulfa, wato dangin magungunan da sulfamethoxazole na cikin Septrin yake ciki. Wasu abin ya fi haka muni: zazzaɓi, jan ido, baki ya saɓule har ruwa ya gagara haɗiya, fata ta riƙa ɗayewa kamar ƙunar wuta. Wannan sai kwanciya a asibiti, kuma yana kisa.

Fansidar ma sulfa ne, don haka mai juna biyun da ke kan Septrin kullum ba a ƙara mata Fansidar na rigakafin zazzaɓin cizon sauro a wurin awo. Jaririn da bai kai sati shida ba, ba a ba shi Septrin. Duk wanda na miƙa wa, nakan ce ya yawaita shan ruwa saboda ƙoda, kuma da ya ga ƙurji ko ɗaya ya dakata ya dawo a duba shi a ranar.