Kashi 28 a jere: abin da na gani da na daina bin ƙwallo da ido

A kakar 2023-24 ta NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ƙungiyar Detroit Pistons ta ci wasa biyu cikin ukun farko, daga nan ta shiga shan kashi har sau 28 a jere. An fara ranar 30 ga Oktoba, ba a tsaya ba sai 30 ga Disamba, da ta doke Toronto da ƙyar da ci 129-127. Ta rufe kakar da nasara 14, faɗuwa 68. Bayanin da ke bakin kowa a lokacin ɗaya ne: yaran ba su iya jifa ba. Na zauna da bidiyon wasanni goma daga cikin waɗancan, da biro da takarda, don in ga ko maganar ta tsaya a nan.

Takardata ta farko layi uku gare ta: wa ya jefa, daga ina, ta shiga ko ba ta shiga ba. Sai da na ɓata wasa uku kafin na gane cewa kwafar takardar sakamako kawai nake yi da hannu, abin da kowa zai samu a intanet cikin minti ɗaya. Na yage ta. A sabuwar na ƙara daƙiƙa nawa suka rage a agogon 24 (daƙiƙa 24 da ake ba ƙungiya ta yi jifa a cikinsu), da tazarar mai tsaro mafi kusa (babu kowa, taku biyu, ko hannu a fuska), da ko jifan daga fasin ya zo ko daga buga ƙwallo a ƙasa, da ko ƙwallon ta taɓa shiga fenti kafin a jefa, wato akwatin nan da ke ƙarƙashin kwando. Layi na ƙarshe shi ya fi kowanne amfani: masu tsaro nawa ne ƙafarsu ke cikin fenti ko a bakinsa. Haka kuma na canza inda nake tsayar da bidiyo. Lokacin da ƙwallo ke barin hannu an riga an gama magana. Wurin tsayarwa daƙiƙa biyu ne kafin nan, daidai sanda Cade Cunningham, mai jan harin Detroit, ke zagayo shingen da Jalen Duren ya yi masa, wato Duren ya tsaya ya tare wa mai tsaron Cunningham hanya da jikinsa.

Kafin in faɗi abin da ke kan allon, ga lissafin da komai ya rataya a kai. Jifan maki biyu daga nesa, idan yana shiga kashi 40 cikin 100, maki 0.80 yake kawowa a kowane gwaji. Jifan maki uku da ke shiga kashi 35 yana kawo 1.05. Na gindin kwando mai kashi 65 yana kawo 1.30. Jifan kyauta guda biyu a hannun mai cin kashi 78 kuwa 1.56 ne. A waccan kakar matsakaiciyar ƙungiya tana samun kimanin maki 115 a kowane hari 100, Detroit ba ta kai 110 ba. Tun da hare-haren wasa ɗaya kusan 100 ne, kamar ana bin ta bashin maki biyar zuwa shida ne kafin alƙali ya busa usur.

To ga hoton da na riƙa tsayarwa har na haddace shi. Biyar ɗin da koci Monty Williams ya buɗe kakar da su: Cunningham, Killian Hayes, Ausar Thompson, Isaiah Stewart da Duren. Duren ya zo ya yi shinge a saman layin maki uku. Mai tsaronsa bai biyo shi ba, ya ja baya ya tsaya kusa da kwando, domin Duren ba ya jifa daga waje ko kaɗan. Thompson yana lungun hagu, ya buɗe hannu yana jiran fasin, amma wanda aka ba shi ya bar shi da taku uku, ƙafa ɗaya cikin fenti, ya ma juya masa ƙeya. Mai tsaron Hayes ya gangaro kusurwar layin jifan kyauta, ya miƙa hannu a hanyar da Cunningham zai bi. Cunningham ya zagayo shinge, ya ɗago kai, ya tarar da riguna huɗu a gabansa kamar Kantin Kwari a jajibirin salla. Zaɓinsa uku ne, kuma duk abokan hamayya sun yarda da su: ya tsaya a tsakiya ya yi jifan 0.80, ko ya kutsa cikin cunkoso, ko ya miƙa wa Thompson.

Me ya sa ba sa tsoron na ukun? Thompson ya ci kashi 18.6 ne kacal na jifansa na maki uku a waccan shekara, wadda ita ce ta farko gare shi a gasar. Ninka da uku, maki 0.56 ke nan. Duk kocin da ya san aikinsa zai ce wa yaransa ku bar shi, in ya ci mun yafe. Hayes bai kai kashi 30 ba, alhali matsakaicin gasar ya ɗan haura 36. Yaro mai ƙwazo kamar Thompson, wanda tsaronsa da tsallensa ba na wasa ba ne, ya zama a ɓangaren hari kamar an ba abokan hamayya ɗan wasa na shida.

Inda na daɗe ban gane ba shi ne Stewart. A takarda ya ci sama da kashi 38, ya fi matsakaici. Me zai hana a manne masa? Sai da na riƙa mayar da bidiyo baya a hankali. Yana gwadawa ƙasa da sau huɗu a wasa, kuma sai ya kafa ƙafafu, ya sauke ƙwallon zuwa ƙugu, sannan ya ɗaga. Wannan ɗan jinkirin ya ishi mai tsaro ya leƙa fenti ya taimaka, ya kuma dawo ya ɗaga masa hannu. In an rufo shi da gudu, ba mai buga ƙwallo ya wuce ba ne. Don haka na ƙara wani layi a takardata na sa masa suna kwarjini: da ƙwallo ba ta hannun ɗan wasa, taku nawa mai tsaronsa ke yarda ya matsa daga gare shi? Kwarjini ba alƙaluman shiga kaɗai ke kawo shi ba. Akwai yawan gwadawa, da saurin sakin ƙwallo, da iya jifa ana cikin gudu, da rashin fasawa bayan an ɓarar da uku a jere. Wanda yake da duk wannan a ƙungiyar shi ne Bojan Bogdanović, mai cin sama da maki 21 a wasa da fiye da kashi 40 na jifan maki uku a kakar da ta gabata, amma ciwon sha-raɓa ya ajiye shi har farkon Disamba. Kafin ya dawo gida ya riga ya kama da wuta.

Cunkoson fenti ba ya tsayawa a jifan da aka ɓarar. Yana haihuwa. Fasin zuwa ga Duren yana gangarowa kwando, wanda a fili mai faɗi dank ne kai tsaye (ya yi tsalle ya cusa ƙwallo a kwando da hannu), a nan sai ya ratsa ta hannaye shida, shi ya sa Detroit ta kasance cikin na gaba-gaba wajen zubar da ƙwallo. Ƙwallon da aka fizge ana cikin wasa kuwa asara biyu ce: ba ka jefa ba, ga shi kuma an ruga an ci ka kafin ka koma gida. In an ci ka, sai ka fito da ƙwallo daga bayan layi, ka tarar da tsaro ya riga ya jeru. Babu harin gudu, wanda shi ne abincin yara irin su Thompson da Jaden Ivey. Ga agogo. Shingen farko bai buɗe komai ba, a dawo da ƙwallo sama, a sake, sai ka duba ka ga daƙiƙa shida suka rage, kowa ya zuba wa Cunningham ido. Layin agogo a takardata shi ya nuna min cewa yawancin munanan jifansa ba son kai ba ne, ƙwallo ce aka miƙa masa a ƙurarren lokaci ya jefar. Ya ci maki 43 a wasan Atlanta, ya ci 41 a na Brooklyn, duk a Disamba, duk an doke su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai kuma yawan gwajin kansa. Boston, wadda ta ɗauki kofin shekarar, tana jifan maki uku fiye da sau 42 a wasa, Detroit kusan 32. Goma ke nan a kowane dare da aka mayar da su jifa mai araha. Na lura da wani abu da alƙaluma ba sa kamawa: ɗan wasa ya karɓi fasin babu kowa a kansa, ya yi kamar zai jefa, ya fasa, ya buga ƙwallo sau ɗaya ya shigo cikin layi. Ya sayar da maki uku ba tsaro ya sayi biyu da hannu a fuska. Ba ni da layin rubuta wannan, sai na riƙa sa masa ɗan gicciye a gefen takarda, kuma gicciyen ya fi yawa a zango na huɗu, sanda tsoron kashi na gaba ya sauka a kafaɗu. A wasan Boston na 28 ga Disamba sun kai tazarar maki 21 a gaba, aka kamo su, aka doke su a ƙarin lokaci.

Rabon mintuna ma ya taimaka wa matsalar. Ivey, wanda ya fi kowa saurin kutsawa, daga benci ya fara kakar a bayan Hayes. Sannan Williams yana da ɗabi'ar cire duka biyar ɗin farko lokaci guda, ya bar 'yan benci zalla a fili, babu mai iya karya tsaro da kansa. Minti huɗu na haka sun isa su cinye duk abin da aka tara. A Fabrairu aka sallami Hayes, a Yuni aka sallami kocin, shekara ɗaya cikin kwantiragin shekara shida na dala miliyan 78.5.

Kuskurena na biyu ya kusa lalata aikin duka. A wani wasa ƙwallo ta yi ta shiga, na fara rubuta cewa sun gyara. Ba su gyara komai ba. In ka jefa 33, bambancin kashi 30 da kashi 40 ƙwallo uku ne ko huɗu, abin da bakin zobe ke iya yankewa yadda ya ga dama. Tun daga nan na koma rufe layin shiga ko rashin shiga da yatsa, in fara ba jifan maki tun yana hannu: wa ya jefa, daga ina, wa ke kansa. Sai na gama nake duba sakamakon. Iya jifan mutum ba ya bayyana sai an tara ɗaruruwan gwaji, amma tsayuwar masu tsaro wasa biyu sun isa ka gan ta, domin ita ce ra'ayin kociyoyin da aka biya su nazarci ƙungiyar.

Kakar da ta biyo baya ce ta gwada min wannan fahimta. An kawo J.B. Bickerstaff koci, aka ɗauko Malik Beasley, Tim Hardaway Jr. da Tobias Harris. Duren bai fara jifa daga waje ba, Thompson bai zama gwani ba, kuma tare suke fara wasa a rabin kakar na biyu. Abin da ya canza shi ne wanda ke tsaye a sauran wuraren. Beasley ya ci jifan maki uku 319, ɗaya tal Anthony Edwards ya fi shi a duk gasar, kuma da gudu yake fitowa daga bayan shinge, mai tsaronsa ba ya samun sukunin waiwayen fenti. Harris bai ma kai kashin da Stewart ya yi a baya ba, amma ba a barinsa, domin in ka rufo shi da gudu zai wuce ka, in ka sa masa ƙarami zai danna shi da baya har gindin kwando. Stewart ya koma dogon ɗan wasa mai shigowa daga benci, ya kusan daina jifan waje. Thompson kuma aka rage tsayar da shi a lungu kamar turke: yana yin shinge, yana laɓewa a layin ƙarshe kusa da kwando, yana yankowa da zarar mai tsaronsa ya juya kai. Na tsayar da bidiyo a wuri guda da na saba, riguna biyu na gani maimakon huɗu. Cunningham ya haura maki 26 da fasin ci 9 a wasa, ƙungiyar ta ci 44, fiye da ninki uku na kakar da ta gabata.

Wanda zai ɗauki wannan takarda ya yi aiki da ita a gasanninmu na gida ya san cewa layin ƙafafu a fenti zai fi cika. A NBA mai tsaro ba ya wuce daƙiƙa uku a fenti sai yana kusa da wanda yake tsaro, shi ya sa za ka gan shi yana sa ƙafa yana cirewa. A dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, wadda muke bi, babu wannan hani, dogo zai iya kafa rumfa a ƙarƙashin kwando har harin ya ƙare. Layin maki ukun ma ya fi kusa, mita 6.75 maimakon 7.24, filin kuma ya ɗan fi ƙanƙanta, don haka tazarar da mai taimako zai rufe gajeriya ce. Kyamara ɗaya ta waya ta isa, amma a ɗora ta sama a tsakiyar fili, a buɗe ta yadda duka goman za su fito, kuma a gargaɗi mai riƙe da ita kada ya bi ƙwallo in ta tashi sama.