Abin da tsohon fad ɗin birki ya nuna mini a motata

A ƙarshen daminar bara na fara jin wani siririn ƙara daga ƙafar gaba ta hagu ta motata, Toyota Corolla ƙirar 2005, kuma duk lokacin da na taka birki da ɗan ƙarfi a kan hanyar Kano zuwa Zariya sai in ji sitiyari yana fizgata zuwa dama. Abin ya ba ni mamaki, domin ko wata bakwai ba a yi ba da sauya mini fad ɗin birki na gaba, wato ƙarafan nan masu fata a jiki da ke matse faifan birki su tsayar da mota.

Na kai ta wurin wani dattijon bakanike da ya daɗe a sana'ar. Da yaransa suka ɗaga motar da jak suka cire tayoyin gaba biyu, bai bari aka jefar da komai ba. Ya jera fad ɗin guda huɗu a kan benci kamar yadda suke zaune a jikin mota, sannan ya kira ni ya ce, "Malam, zo ka gani da idonka." Biyun dama sun ci daidai wa daida, kowanne da saura kusan milimita 8. A hagu kuwa na waje kamar ba a taɓa shi ba, amma na ciki bai kai milimita 2 ba, kuma cin nasa a karkace yake, gefe ɗaya ya fi ɗaya siranta. Sabon fad yakan zo da kaurin milimita 10 zuwa 12, kuma ana son a sauya shi idan ya sauko wajen milimita 3. Na ce masa, "Baba, ke nan jabu aka sa mini?" Ya girgiza kai ya ce fad ɗin ba shi da laifi, shaida ne kawai.

Sai da ya bayyana mini yadda kalifa, wato ƙarfen da ke riƙe da fad biyu yana matse su a jikin faifai, take aiki na gane nufinsa. A irin wannan mota fistin ɗaya ne tal a cikin kowace kalifa, wato ƙarfen da ke tura fad, kuma yana ɓangaren ciki. Idan an taka birki, man birki yana tura fistin, shi kuma ya danna fad na ciki a jikin faifai. A daidai wannan lokacin jikin kalifar gaba ɗaya yana zamewa a kan wasu ƙusoshi biyu masu santsi, ya jawo fad na waje, sai faifan ya matsu ta fuska biyu da ƙarfi ɗaya. Muddin waɗannan ƙusoshi suka ƙame, kalifa ba za ta zame ba, aikin duka sai ya koma kan fad na ciki, shi kaɗai yake ci, ƙafar kuma ƙarfin birkinta ya ragu. Shi ya sa motar take karkata zuwa ɓangaren da yake da lafiya.

Haka kuwa aka samu. Ƙusar sama ta fito da ɗan ja, robar da ke rufe bakinta ta yage, ruwan damina da ƙura sun shiga sun haɗu da tsatsa. Ta ƙasa kuwa sai da aka yi ta murɗawa da sifana kafin ta fito, kuma abin da ya riƙe ta shi ne ya fi ɓata mini rai. A kan ƙusar akwai wata 'yar roba, kuma wanda ya yi mini aikin baya ya shafa mata giris na gama-gari, irin wanda ake sa wa boris. Wannan giris daga man fetur ake yin sa, kuma yana kumbura irin robar da ake amfani da ita a birki, har ta cika ramin ta hana ƙusar motsi. Wurin yana buƙatar giris na silikon, wanda ba ya cin roba kuma yana jure zafi. Abin da aka yi tsimi a kansa bai taka kara ya karya ba, amma a kan babbar hanya nake ɗauko iyalina da wannan birkin, kuma har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi.

Ba kowane cin da bai daidaita ba ne yake fitowa daga ƙusoshi. Idan fad biyun ƙafa ɗaya suka cinye tare alhali na ɗaya ƙafar suna nan, a tuhumi fistin da tsatsa ta hana komawa baya, ko tiyon birki da ya ruɓe ta ciki yana barin mai ya wuce amma ba ya barinsa ya dawo. Irin wannan ƙafa takan yi zafi fiye da 'yar'uwarta bayan tafiya, har da warin ƙauri, kuma idan an ɗaga motar tayar ba ta juyawa da hannu cikin sauƙi. Wani lokaci kuma kunnuwan fad ɗin ne tsatsa ta maƙale a mazauninsu.

Gyaran bai ɗauki fiye da awa biyu ba. An goge ƙusoshin da ramukansu tas, an sa sababbin robobi da giris ɗin da ya dace, an kankare tsatsar mazaunin fad har ya riƙa zamewa da yatsa. Dattijon ya auna kaurin faifan ya gwada da mafi ƙarancin kaurin da kamfani ya buga a jikinsa, ya ga bai kai a sauya ba. Na so a bar fad ɗin dama tunda da sauransu, amma ya ƙi, kuma yanzu na yarda da shi, domin sabo a hagu da tsoho a dama zai sake jawo karkatar da na zo gyarawa. Ya kuma zubar da man birkin, wanda ya yi baƙi. Man birki nau'in DOT 3 da DOT 4 suna shan laimar iska, ruwan da ke cikinsu shi ke sa fistin tsatsa ya kuma sa man ya yi saurin tafasa, shi ya sa ake son sauya shi kamar duk shekara biyu. Nawa kuwa tun da na sayi motar ba a taɓa shi ba.

Kafin in tashi ya sa na yi ta taka birki a tsaye har ya yi tauri, domin bayan an tura fistin baya takun farko yakan tafi ƙasa ba tare da ya kama komai ba. Daga nan muka hau wata hanya marar cunkoso, na riƙa kaiwa gudun kilomita 50 ina ragewa a hankali zuwa 10, kusan sau goma, don sabon fad ya zauna a jikin faifai.

Bayan wata huɗu, lokacin da aka juya mini tayoyi, na karɓi tocila na leƙa ta tagar kalifar hagu da kaina. Na ciki da na waje kaurinsu ɗaya.